Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano Kan Kula Da Dattawa A Asibitocin Unguwa

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano, da Shugaban Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, tare da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, ina rubuto wannan wasiƙa ne da yawun 'ya'ya da jikoki da surukai waɗanda jinyar tsofaffi ta hau kansu, da kuma yawun su kansu dattawan, waɗanda galibinsu ba sa rubuta wasiƙa, ba sa kiran gidan rediyo, kuma idan aka tambaye su jiki sai su ce da sauƙi ko da kuwa babu sauƙin. Mu mutane ne da muka san juna a barandar asibiti, da layin karɓar magani, da zauren ta'aziyya, kuma duk lokacin da muka zauna sai mu tarar labarinmu iri ɗaya ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikin gyaran ƙananan asibitoci da ake yi a faɗin ƙasar nan tun bayan da gwamnatin tarayya da gwamnonin jihohi suka rattaba hannu kan yarjejeniyar farfaɗo da harkar lafiya a watan Disamban 2023. Mun ga sabon fenti da sabon rufi a wurare da dama, mun ga an kafa farantan sola, kuma mun yi murna. Sai dai idan mutum ya shiga ciki ya duba jadawalin da ke liƙe a bango, zai ga ranar awon ciki, da ranar rigakafin yara, da ranar rabon abincin masu tamowa, amma da wuya ya ga inda aka ware wa tsoho ko da awa biyu a mako. Babu mai hankalin da zai yi ƙorafi kan kulawar da ake bai wa mata masu juna biyu da ƙananan yara, domin dukkanmu mun binne 'yan uwa a wajen haihuwa. Kukanmu shi ne an gina asibitin unguwa kamar rayuwar mutum tana ƙarewa ne da zarar ya daina haihuwa.

Ranka ya daɗe, maganar da nake son in kafa ita ce, yawancin tsofaffin da ke kwance yau a manyan asibitocinmu, tun watanni ko shekaru da suka wuce aka yanke musu wannan kwanciya, a ranar da suka je ƙaramin asibiti ba a auna jininsu ba, ko aka auna ba a rubuta ba, ko aka rubuta babu wanda ya neme su da suka daina zuwa. Duk wanda ya taɓa shiga sashen agajin gaggawa na Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya san irin dattawan da ake shigowa da su rai a hannun Allah: mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda suga ya yi masa yawa har ya fita hayyacinsa, da mai ciwon zuciya da ƙafafu suka kumbura ba ya iya kwanciya, da wanda ƙoda ta tsaya, da mai gyambon ƙafa da ya ruɓe har likita ba shi da zaɓi sai yankewa. Kusan duk waɗannan suna da tushe a cututtuka biyu, hawan jini da ciwon suga, waɗanda ana iya gano su da na'ura mai sauƙin kuɗi, kuma ana iya riƙe su da ƙwayoyin da jami'in lafiya na unguwa zai iya bayarwa.

Kuka na farko, kuma mafi girma, shi ne asibitin unguwa ba ya riƙe tsoho. An saba da mara lafiyar da zai zo da zazzaɓi, a yi masa gwaji, a ba shi magani na kwana uku, ya tafi, shi ya sa ma jama'a suke kiran wurin sha-ka-tafi. Hawan jini kuwa ba a warkewa daga shi, zama ake yi da shi har ƙarshen rai, kuma ba ya sanarwa kafin ya yi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu fama da shi a duniya ba su ma san suna da shi ba. Mai irin wannan ciwo yana buƙatar a rubuta sunansa a littafi na musamman, a sa masa ranar dawowa, a kwatanta awon wannan wata da na watan jiya, kuma idan ranar ta wuce bai zo ba a sami wanda zai ɗaga waya ko ya taka zuwa ƙofar gidansa. Mace mai ciki tana da kati da rana da mai bibiya, haka ma yaro mai karɓar rigakafi, haka ma mai tarin fuka. Tsoho mai hawan jini ne kawai ake sallama da "a rage gishiri, Baba", daga nan kuma sai Allah.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta haura shekara saba'in lokacin da aka fara gaya mata jininta ya hau. An rubuta mata magani a wani ƙaramin asibiti, ta sha, ciwon kai ya lafa, ta ɗauka ta warke, domin babu wanda ya zaunar da ita ya bayyana mata cewa wannan magani ba a ajiye shi. Da jiri ya dawo muka koma, sai muka faɗa ranar awon ciki. Ta zauna a ƙarshen benci a tsakiyar yaran matan da ta yi jika da su, tana ta jan mayafi don kunya, har rana ta take. Da layi ya zo kanta aka ɗauko na'urar awon jini, aka ɗaura mata a dantse, aka danna, ba ta kawo wuta ba, batir ya mutu. Jami'ar da ke wurin ta ba mu haƙuri da gaske, kuma na ga alamar abin ya dame ta, amma ita kaɗai ce a kan mata fiye da yadda mutum ɗaya zai iya dubawa. Gwaggo ta ce ba za ta sake zuwa ta yi zaman banza ba. Bayan wasu watanni, da asuba tana alwala, buta ta suɓuce daga hannunta na dama, bakinta ya karkace. A adaidaita sahu muka kai ta babban asibiti. Abin da muka kashe a makon farko kaɗai, tsakanin hoton kai da gwaje-gwaje da allurai, ya isa ya saya mata maganin hawan jini na shekaru. Ta rayu, amma ba ta sake taka ƙafarta ba, kuma 'yarta ta ajiye sana'ar ɗinki domin jinya.

Kuka na biyu shi ne yankewar magani. Tun bayan cire tallafin man fetur da karyewar darajar naira a 2023, da kuma sanarwar ficewar kamfanonin GSK da Sanofi daga harkar sarrafawa da rarraba magani kai tsaye a Najeriya a shekarar, farashin magunguna ya yi tashin da ya fi ƙarfin mai karɓar fansho, balle manomi ko tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli. Umarnin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2024 na cire haraji daga kayan haɗa magani abu ne mai kyau, amma har yanzu a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fitowa. Sakamakon haka muna ganinsa a ɗakunan iyayenmu. Tsoho zai sa wuƙa ya raba ƙwaya biyu domin katin kwana talatin ya kai shi wata biyu, ko ya riƙa sha sai ranar da ya ji kansa ya yi nauyi. Mai allurar insulin yana rage adadi da kansa, sannan ga matsalar inda zai ajiye ta a garin da wuta ba ta zama.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Idan asibitin unguwa ba shi da magani, tsoho ba ya zama haka nan, kemis yake zuwa, ko wajen mai tallar magani a bakin kasuwa. Mai ciwon gwiwa da baya ana ƙulla masa haɗi a leda, wanda sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci har da dexamethasone, ya yi ta sha wata da watanni saboda yana jin daɗin jikinsa. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna, idan aka daɗe ana shan su, suna lalata ƙoda, suna jawo gyambon ciki mai zubar da jini, suna tayar da hawan jini da suga, kuma tsofaffi sun fi kowa shiga wannan haɗari. Iyalin da aka ce wa mahaifinsu sai an riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako sun san yadda gona da fili da dabbobi suke tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Kuka na uku ya shafi doka da kuɗin da aka riga aka tanada. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, rabi ya bi ta hanyar inshora domin biya wa talaka kuɗin asibiti, kashi 45 ya tafi ga magani da kayan aiki da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci tsofaffi ƙarara a cikin masu rauni da za a ɗauki nauyinsu. Tun 2021 ƙasar nan take da manufar kula da tsofaffi da kuma cibiyar ƙasa ta dattawa. A nan Kano muna da hukumar KSCHMA ta taimakekeniyar lafiya, da asusun tallafa wa harkar lafiya na jiha wato KHETFUND, da hukumar samar da magunguna ta jiha. Ashe ke nan ba doka muka rasa ba. Amma idan aka zaga zaurukan unguwa aka tambayi dattawa wane ne yake da katin da zai karɓi magani kyauta, za a sami kaɗan ne ƙwarai, kuma da yawa ba su taɓa jin labarin ba. Rajistar da ake yi a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a wani taro na kwana ɗaya, mai ƙarfin turereniya ne yake samunta. Tsohuwar da ba ta gani sosai, ba ta da waya, ba ta da lambar katin ɗan ƙasa, ita ce ta fi kowa buƙata kuma ita ce ake bari a baya.

Na huɗu, ma'aikatanmu ba a horar da su kan jikin tsoho ba, kuma wannan ba laifinsu ba ne. Ciwo a jikin mai shekara tamanin ba ya zuwa da kamannin da aka saba. Ciwon huhu ko na mafitsara yana iya zuwa babu zazzaɓi, sai dai a ga mutum ya rikice yana sambatu, dangi su ce tsufa ne ko iska, a tafi neman rubutu har kwana uku su wuce. Faɗuwa a banɗaki da ke karya ƙugu sau da yawa tana farawa ne daga yanar ido da ba a cire ba, ko maganin da ke sa jiri idan an miƙe tsaye. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin duba tsofaffi a matakin farko, inda cikin 'yan mintuna jami'in lafiya zai gwada gani, da ji, da tafiya, da ƙwaƙwalwa, da cin abinci, da alamun damuwa. Likitocin da suka ƙware kan tsufa 'yan ƙalilan ne a Najeriya, cibiyar farko ta irin wannan ma sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan, don haka ba za mu zauna jiran su ba. Jami'an da muke da su a mazaɓu su ne za a koya wa.

Kuka na ƙarshe shi ne na waɗanda ba sa iya fita, da waɗanda aka sallamo. Idan babban asibiti ya sallami mai shanyewar jiki, ana miƙa wa dangi takardar magani da ranar dawowa ganin likita, shi ke nan. Asibitin da ke bayan gidansa bai san an kwantar da shi ba, bai san an sallamo shi ba. Babu mai nuna wa 'yar jinya yadda ake juya mara lafiya duk bayan awa biyu, da yadda ake ba shi abinci a zaune domin kada ya shaƙe, da yadda ake motsa masa gaɓoɓi. Mai robar fitsari sai an yi hayar mota an kai shi cikin gari domin canjin da bai wuce aikin minti goma ba, idan kuma babu kuɗin mota sai a bar ta har ta jawo cuta. Bayan 'yan makonni sai a koma da shi asibiti da gyambon kwanciya ko ciwon huhu, a sake neman gado, a sake cin bashi. Gwamnatin da ta bar wannan giɓi tana kama da mai gidan da ya ƙi yaɓen soro da rani, ya zo yana tarar ruwa da kwanuka a tsakiyar damina, domin gadon da wannan tsoho ya koma ya hau, shi ne gadon da wanda ya yi haɗarin mota yake jira a ƙasa.

Kada a ce shiga gida-gida ya fi ƙarfinmu. Jihar nan ce ta riƙa aika mata lungu-lungu suna ɗiga wa yara maganin shan inna, tare da masu unguwanni da dagatai da hakimai, har aka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Waɗannan mata sun san kowane gida da wanda ke cikinsa. Ƙasar Brazil ta gina tsarinta na lafiyar iyali tun 1994 a kan irin wannan, inda ma'aikacin lafiya ɗan unguwa yake ziyartar gidajen da aka ba shi kusan kowane wata, kuma binciken da aka yi a can ya nuna raguwar kwanciya asibiti saboda cututtukan da ake iya tarewa tun da wuri. Mu ma a nan an gwada. A 2020 aka zaɓi Kano da Ogun domin fara shirin ƙasa na shawo kan hawan jini a ƙananan asibitoci, da tsarin magani mai sauƙi wanda ke farawa da amlodipine, kuma jami'an lafiya na al'umma ne suke gudanar da shi. Abin da ya rage shi ne ya fita daga hannun masu ba da tallafi ya shiga kasafin jiha, ya kuma kai ga kowace mazaɓa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a umarci babban asibitin matakin farko na kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 484 na ƙananan hukumomi 44 ya buɗe littafin rajistar duk wanda ya kai shekara 60, a auna masa jini da suga aƙalla sau ɗaya a shekara ko da zazzaɓi ne ya kawo shi, a kuma ware rana ɗaya a mako ta dattawa wadda ba ta haɗu da ranar awon ciki ba, da wurin zama na maza da na mata. A tanadi na'urar awon jini fiye da ɗaya, da batir, da tsinken gwajin suga, a sa su cikin abubuwan da mai duba asibiti zai tambaya duk zuwansa.

Muna roƙon a sa magungunan hawan jini da na suga na yau da kullum, irin su amlodipine da losartan da metformin, cikin jerin waɗanda ba a yarda su yanke ba, hukumar magunguna ta jiha ta saye su da yawa domin farashi ya sauka. Wanda jininsa ya daidaita a ba shi na wata uku a lokaci ɗaya, a kuma yarda ɗansa ko jikansa ya karɓar masa da katinsa, domin kuɗin mota kaɗai yana hana mutane da yawa dawowa.

Game da inshora, muna roƙon a ware wa dattawa kaso sananne daga cikin guraben masu rauni, a yi rajistar a ƙofar mai unguwa, a bi waɗanda ke kwance har ɗakunansu, kuma rashin lambar katin ɗan ƙasa kada ya zama dalilin mayar da tsoho gida, a yi masa duka biyun a zama ɗaya. Ghana ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin inshorar lafiya, Senegal kuma ta fara kula da 'yan shekara 60 kyauta tun 2006, kodayake a can an sha fama da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu. Darasin da ke ciki shi ne kada a sanar da kyauta sai an san aljihun da kuɗin zai fito, domin alkawarin da ba magani a bayansa yana kashe amincewar jama'a da asibitin gaba ɗaya.

Muna roƙon a wajabta wa manyan asibitocin jiha su rubuta takarda zuwa asibitin mazaɓar duk tsohon da suka sallama, jami'in lafiya ya ziyarce shi a gida cikin mako guda, ya duba magungunansa, ya koya wa mai jinya abin da ya kamata, ya kuma riƙa canja robar fitsari da wanke gyambo a can. A biya waɗannan jami'ai kuɗin zirga-zirga a kan kari, domin babu adalci a ɗora wa mutum sabon aiki a bar shi ya sayi man babur daga albashinsa. A haɗa wannan da wayar da kai a lokutan da muka san tsofaffi sun fi faɗuwa, wato zafin Afrilu da Mayu da ke busar da ruwan jiki, da sanyin hunturu da ƙurarsa ga masu ciwon ƙirji, da kuma gabanin azumi, inda ya kamata likitoci da malamai su haɗa baki su bayyana wa mai ciwon suga yadda zai daidaita maganinsa da kuma lokacin da shari'a ta ba shi rangwame.

Daga ƙarshe, muna roƙon ma'aikatarku ta riƙa fitar da alƙaluma duk bayan wata uku, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kan dattawa nawa aka yi wa rajista, nawa ne jininsu ya daidaita, kwana nawa magani ya yanke, da kuma nawa aka kwantar saboda shanyewar jiki ko suga. A karanta su a gidajen rediyo da Hausa, a liƙa su a ƙofar kowane asibiti, domin kwamitocin raya mazaɓu da masu unguwanni su san abin da za su tambaya. Muna kuma fatan ganin layi na musamman na lafiyar dattawa a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kuma idan za a zauna tsara shi, a gayyaci masu jinya da dattawan kansu, a shirye muke mu zo.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma yi muku jagora.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Ɗaya daga cikin masu jinyar iyaye, Kano.